Nas mai shekara 40 ba ta makara ba

Duk wanda ya ce miki da zarar kin samu lasisin jinya a Ingila aiki zai biyo ki har gida, bai nemi aiki a 2025 ba. Ni malamar sakandare ce a da, ilimin halittu nake koyarwa kafin aure ya kawo ni nan. Na koma aji na yi karatun jinya na shekara 2 da ake yi wa masu digiri a wani fanni, na cika sa'o'i 2,300 na aikin koyo da NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista a Birtaniya, ta wajabta, aka sa sunana a rajista. Sai na tarar guraben matakin farko, Band 5, sun yi ƙaranci. Asibitoci sun tsuke bakin aljihu, gurbin da ya fito kuma sau da yawa mai ƙwarewa ake so. Sabuwar nas a ina za ta samo ƙwarewar? Har sai da gwamnati ta fito a watan Agustan 2025 da alkawarin buɗe gurabe ga sababbin nas-nas da ungozomomi.

Wahala kam an sha. Amma ba wanda ya taɓa tambayata shekaruna, domin dokar daidaito ta 2010 ta hana a ƙi mutum saboda shekaru. Ranar ganawa mutum uku na samu a tebur, kowa da takardar ba da maki. Babbar nas ɗin ta ce, ɗan majinyaci ya shigo da dare yana ɗaga murya, me zan yi? Na ba ta labarin iyayen da ke zuwa makaranta a fusace: a ba mutum kujera, a bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan a yi magana. Na ga ta sunkuya tana rubutu. Shekarun da na yi da alli a hannu, lissafa mini su aka yi. A sashen tsofaffi na samu gurbi, kuma kullum ina koyarwa, ko da yadda dattijo zai yi wa kansa allurar insulin ne.

Ƙanwata a gida ta bar aikin banki ta shiga makarantar jinya, ta ci jarrabawar hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya. Ita tun daga bakin ƙofa ake tare ta. Talla ta fito, an sa iyakar shekaru. A kawo takardar haihuwa, a kawo ta ƙaramar hukuma, daga nan sai mai uwa a gindin murhu. Wani ma'aikaci ya dubi fayil ɗinta ya ce, "Hajiya, da girmanki?" Yanzu tana wani asibitin kuɗi, albashin ko na mota bai isa ba.

Wannan ne ke ci mini rai. Nas-nas na ta ficewa daga Najeriya, har a Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da sharaɗin sai an yi aikin shekara 2 kafin ta tantance takardun mai son fita waje. Ana ƙoƙarin riƙe masu tafiya, ga masu son zama a tsaye a waje. Macen da ta haihu, ta yi jinyar uwarta, ga 'ya'yanta a makaranta a garin, ba inda za ta je. Ita ce kuma matar ƙauye za ta saki jiki ta faɗa wa abin da take jin nauyin faɗa wa yarinya sa'ar 'yarta.

An ce ai mai shekaru ba za ta daɗe a aiki ba. Ko a ƙa'idar ritaya ta shekara 60, wadda ta shiga da 40 za ta yi wa jiharta aikin shekara 20. Hukumomin kula da asibitoci na jihohinmu su goge layin shekarun nan daga tallar ɗaukar nas, su zaunar da ita su tambaye ta abin da ta iya.