Matasa, ku daina liƙa wa kowane abu lambar 666

Daren jiya wani ya turo saƙon murya a rukunin zumuntar matasanmu na WhatsApp, wai lambar NIN ce alamar dabbar nan ta Wahayin Yahaya. Kafin a ankara an cika wurin da "Amin", kowa na turawa gaba. Da can BVN ce, lokacin korona aka ce allurar rigakafi da 5G. Haba 'yan'uwa, dabbar nan guda nawa ce?

Rashin sani ya fi dare duhu. Littafin nan wasiƙa ce mai adireshi. Daga tsibirin Batmusa Yahaya ya aika ta ga ikilisiyoyi bakwai a yammacin Turkiyya ta yau, irin su Afisa da Birgamas. Ireniyus, wani shugaban ikilisiya na da, wajen shekara ta 180, ya ce an ga wahayin gab da ƙarshen mulkin Domitiyan, sarkin Roma, wanda aka kashe a 96. A Birgamas akwai haikalin bautar sarkin Roma, can kuma aka kashe wani mai bi, Antibas. Mai zama a irin wannan gari, in ya ji Babila mai tuddai bakwai, ya san Roma ake nufi. A wancan zamanin, haruffa su ne lambobi, irin hisabin malamai, kuma masana da yawa sun nuna sunan sarkin Roma Nero Kaisar da haruffan Ibrananci yana ba da 666, lambar dabbar. Nero ɗin da ya ƙona Kiristoci bayan gobarar Roma a 64.

Amma ku ba ruwanku. Kuna tsallake sura ta 2 da ta 3, inda ake tsawata wa masu sanyin zuciya, ku faɗa kan sura ta 13, mai maganar dabbar, don ta fi daɗin tsoratarwa. Wasunku ma da wayar da suke tura saƙon suke caca a kan ƙwallo. A Amurka mabiyan William Miller sun sa ranar dawowar Almasihu a 1844, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka sayar da kayansu, gari ya waye lafiya lau. Gani ga wane bai ishe ku ba?

Ku tambaya mana, matambayi ba ya ɓata.

Iyayenmu da suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na 1932, a gaban aci-bal-bal, sukan bi littafi daga farko har ƙarshe. Tsohon mai bishara in ya kai aya mai wuya sai ya yi shiru, ya ce a bari sai an je wurin malamin makarantar Baibul. Yanzu yaro bai gama ajin baftisma ba ya zama annabi.