Haɗa kwamfuta da kanka ba lallai ya fi araha ba

Ana yawan cewa wanda ya sayi kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da hannunsa ya fi mai sayen haɗaɗɗiya samun sauƙi. Ga mai rubutu, shiga intanet da kallon bidiyo a gida, lissafin bai cika fitowa haka ba.

Kamfanoni irin su Dell, HP da Lenovo a farashin sari suke sayen kaya. Lasisin Windows, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ma da rangwame suke samunsa, alhali mai haɗawa sai ya biya nasa daban, sai fa in Linux zai saka, wanda kyauta ne. Ga kuma batun garanti. Haɗaɗɗiya in ta ba da matsala, wuri ɗaya za ka kai ta. Taka kuwa, kai za ka zauna ka gano ko RAM ce, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, ko na'urar ba da wuta, ko babban allon da komai ke jone a kansa, sannan ka nemi kamfanin da ya ƙera ɓangaren.

Haɗawa tana da riba ga mai wasanni masu nauyi ko tace bidiyo, domin shi zai zaɓi katin hotonsa, wato ɓangaren da ke sarrafa hotunan da kwamfuta ke nunawa, ya kuma canza ɓangare daga baya. Wasu haɗaɗɗun kan zo da kayan da ba sa shiga da na kowa.

Mai ƙananan ayyuka da kwamfuta a gida dai ya duba RAM ta kai 8GB, in da hali 16GB, ma'ajiyar bayanai ta zama SSD, wato irin mai saurin nan, kuma kwamfutar tana ɗaukar Windows 11, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025.