Sararin da ke bisa gidan mutum ba titin Washinton ba ne

Tun ranar 5 ga Agustan 2025 da Sakataren Sufuri na Amurka, Sean Duffy, ya fito da daftarin sabuwar ƙa'idar jirage marasa matuƙa, kamfanonin da ke wannan harka bakinsu ya ƙi rufuwa. Suna da dalilin murna. Daftarin, wanda ake kira Sashe na 108, zai ba su damar tura jirgi ya yi nisa har ya ɓace wa ganin mai sarrafa shi, ba tare da sun riƙa neman izini na musamman ba kamar yadda ake yi a da. Jirgin da kayansa za su iya kai nauyin kusan kilo 600, kuma zai yi shawaginsa ne daga ƙafa 400 zuwa ƙasa. Ni ban ƙi a kai wa tsohuwa maganinta ta sama ba. Abin da ya ishe ni shi ne waƙar da masu harkar suke rerawa duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa: wai kada jihohi da ƙananan hukumomi su sa baki, don idan kowace jiha ta yi dokarta za a samu dokoki barkatai, kasuwanci ya tsaya. Shekara goma ke nan ana maimaita wannan magana, har wasu masu hankali sun fara ɗaukarta gaskiya ce.

Mu fara da tambayar da ake gudu. Sararin da ke bisa tsakar gidan mutum, daga rufinsa zuwa tsawon bishiyar da ya shuka, na wane ne? Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta tarayya, FAA, ta ce ikonta daga doron ƙasa yake farawa. Kotun Ƙoli ba ta taɓa faɗin haka ba. A 1946 ta yi hukunci a shari'ar wani mai kiwon kaji, Causby, wanda gonarsa ke dab da filin jirgin Greensboro a jihar North Carolina. Jiragen soja suna wucewa ƙafa 83 kacal bisa filinsa, kajin suna firgita suna gwara kai da bango, har kusan 150 suka mutu, kiwon ya rushe. Mai shari'a William Douglas ya yi watsi da tsohuwar maganar nan ta cewa mai fili ya mallaki duk abin da ke bisansa har sama ta bakwai, ya ce sararin samaniya hanya ce ta kowa. Masu kamfanoni nan suke son a tsaya. Amma hukuncin ya ci gaba: dole mai fili ya kasance shi ke da iko da iskar da ke kusa da filinsa, in ba haka ba ko gini ba zai iya yi ba, ko shinge. Kotun ta ce gwamnati ta ci haƙƙin Causby, sai ta biya shi.

Abin da kotun ba ta yi ba shi ne ta faɗi lamba. Ba ta ce ikon mai gida a ƙafa kaza yake ƙarewa ba, kuma ba wanda ya damu a lokacin, domin jiragen da ke ɗaukar mutane ba a yarda su sauko ƙasa da ƙafa 500 ba, ko 1,000 a kan gari, sai wajen tashi da sauka. Wannan giɓin da ke tsakani ya zauna fanko shekara da shekaru. Yanzu a cikinsa ake son a zuba dubban jirage, kuma FAA ta ce duka nata ne, ba tare da majalisar tarayya ta taɓa zama ta ja layin ba.

To a ɗauka nata ne. Wa zai zo idan wani ya tsayar da jirgi mai kyamara a saitin tagar ɗakin 'yarka? Jami'in FAA ba zai zo ba. Ɗan sandan gari ne zai zo, ya tsaya yana kallon sama tare da kai. Hukumar da kanta ta yarda, a takardar bayani da ta fitar a 2015 ta kuma sabunta a 2023, cewa jihohi za su iya yin doka kan leƙen sirrin mutane, da shiga gonar wani, da inda za a tashi jirgi ko a sauke shi. Amma da zarar dokar ta ambaci tsayi ko hanyar da jirgi zai bi, sai a ce an taka hurumin tarayya. Ta yaya za a yi dokar hana shiga gidan mutum ta sama ba tare da an ambaci tsayi ba? Birnin Newton na jihar Massachusetts ya gwada. Ya hana tashin jirgi ƙasa da ƙafa 400 bisa filin wani sai da yardar mai filin. A Satumban 2017 alƙalin tarayya ya soke wannan sashen, da hujjar cewa tunda FAA ta taƙaita waɗannan jirage ga ƙafa 400 zuwa ƙasa, dokar birnin ta zama hani baki ɗaya. A nan Newton ta yi zari, na yarda. Sai dai darasin da sauran garuruwa suka ɗauka daga hukuncin shi ne su yi shiru kawai.

Masu cewa a ɗauko bindiga a kakkaɓo jirgin ba su cancanci dogon martani ba: harsashin da aka harba sama a kan wani zai sauko, kuma dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 20 ga wanda ya lalata jirgin sama, ƙarami ko babba. Amma labarin mutumin nan na Kentucky da ya yi hakan a 2015 yana da amfani ta wata fuska. Alƙaliyar jiha ta wanke shi, ta ce jirgin ya keta masa sirri. Mai jirgin ya garzaya kotun tarayya yana neman a fayyace ko a sararin tarayya jirginsa yake. A 2017 kotun ta ce ba huruminta ba ne, magana ce ta dokar jiha. In jiha ta taɓa maganar, a ce na tarayya ne, a je tarayya a ce na jiha ne.

Mu dawo kan maganar dokoki barkatai, don ita ce jarin masu harkar gaba ɗaya. Motocin da ke kai kayan Amazon da Walmart suna ratsa jihohi 50, kowace da iyakar gudunta, da dokar nauyin kayanta, kowane gari da titunan da ya hana manyan motoci bi da daddare. A Texas akwai titin da ake gudun mil 85 a sa'a, a wasu jihohin ba a wuce 70. Ban ji an ce kasuwanci ya mutu ba. Direba ɗan Adam, mai gajiya da mantuwa, yana iya bin waɗannan dokoki ta hanyar karanta allon gefen titi. Amma a ce kwamfutar da ke tuƙa jirgi, wadda ta san inda take a taswira fiye da kowane direba, ita ce za ta ruɗe? Abin dariyar ma shi ne FAA da kanta ta riga ta yayyanka sararin. A kewayen manyan filayen jirgi ta raba taswira gida-gida, wannan gidan ƙafa 400, na kusa da shi 200, wancan 50, wani sifili, kuma tun wajajen 2018 mai jirgi ta manhajar waya yake neman izini ya samu nan take. Jiragen suna bin wannan tsari kullum ba gardama. Ashe yawan layuka ba shi ne damuwar ba. Damuwar ita ce wa ya ja layin. Hukuma ɗaya a Washinton, wadda lauyoyin kamfani suka san ƙofar kowane ofishi a cikinta, ta fi sauƙin sha'ani a kan majalisun jihohi 50 da ke jin koken masu zaɓe.

Wanda ke son ganin yadda abin yake a ƙasa ya dubi abin da ya faru a garin College Station na Texas, inda Amazon ya fara kai kaya da jirage a ƙarshen 2022. Maƙwabtan wurin da jiragen ke tashi suka yi ta kuka da ƙara: masu aikin dare ba sa samun barcin rana, mutum ba ya iya zama a bayan gidansa ya yi hira. A 2024 kamfanin ya nemi FAA ta ƙara masa yawan tashi daga 200 zuwa 469 a rana. Me magajin garin, John Nichols, ya iya yi? Wasiƙa ya rubuta wa hukumar yana roƙon a dakata. Zaɓaɓɓen shugaban gari, wanda ke da ikon hana mutum buɗe gidan rawa kusa da gidajen jama'a saboda hayaniya, ya koma mai aika takardar koke kan abin da ke ruri bisa rufin mutanensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an ce sai ya jira wanda bai taɓa shiga ɗakin ba.

Kuma wannan ba sabon fim ba ne, an taɓa yinsa da filayen jirgi. A 1962, a shari'ar Griggs, Kotun Ƙoli ta ce idan ƙarar jirage ta hana mutum zama a gidansa, ƙaramar hukumar da ta mallaki filin ce za ta biya diyya, ba gwamnatin tarayya da ta tsara hanyoyin jiragen ba. Birnin Burbank na Kalifoniya ya hana jiragen jet tashi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, a 1973 kotun ta soke dokar da ƙuri'a 5 da 4. A 1990 majalisar tarayya ta ƙara ɗaure hannun masu filayen da kansu, shi ya sa garin East Hampton na jihar New York ya sha kaye a 2016 da ya so ya taƙaita zirga-zirgar jirage masu saukar ungulu a filin da yake nasa. Iko a Washinton, biyan diyya da shan zagi a gida. Ga jirgin fasinja da ke tashi daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, mutum zai iya haɗiye wannan, domin tsarin ƙasa ɗaya ne kuma rayuka ɗaruruwa ne a ciki. Amma jirgin da ke ɗauke da man goge baki daga shago zuwa unguwar da ba ta wuce mil biyar ba, wane tsarin ƙasa yake ciki?

Kada a ce na mayar da jihohi waliyyai. Texas ta ishe mu misali. A farkon 2012 aka ji labarin wani mai wasa da ƙaramin jirgi a Dallas da ya ɗauko hoton rafi ya yi jajur da jinin alade daga wata mayanka, yana gangarawa kogin Trinity. Hoton ya jawo bincike. A shekara ta gaba majalisar jihar ta yi dokar da ta mayar da ɗaukar hoton filin wani da jirgi don sa ido laifi, ta keɓe masu sayar da gidaje da kamfanonin bututun mai da jami'o'i da 'yan sanda, ta manta da 'yan jarida. A 2017 aka ƙara manyan wuraren turken dabbobi cikin jerin muhimman wuraren da ba a shawagi ƙasa da ƙafa 400 bisansu, sahu ɗaya da matatun mai. Wannan dokar ba don tsakar gidan talaka aka yi ta ba, kowa ya sani. Amma a lura da abin da ya faru da ita: a Oktoban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar ta a tsaye, ta kuma ƙi yarda cewa dokar tarayya ta shafe ta. Wato jiha za ta iya ambatar ƙafa 400 idan shanun kamfani take karewa. Muguwar dokar jiha ana iya kayar da ita a zaɓe mai zuwa ko a kotu. Ƙa'idar da ma'aikatan hukuma suka rubuta wa ƙasa baki ɗaya, wa za ka kayar?

Akwai wuraren da ba na jayayya. Kewayen filin jirgi na tarayya ne, haka sararin da ake kashe gobara. A Janairun 2025, lokacin gobarar Palisades a Los Angeles, wani ƙaramin jirgi ya huda fiffiken jirgin kashe gobara da aka aro daga Kanada, ya zaunar da shi kwanaki ana tsakiyar bala'i. Irin wannan hukunci ɗaya ya kamata ya hau kansa ko a wace jiha. Rajistar duk jirgin da ya wuce giram 250, da lasisin mai tuƙi, da ingancin ƙira, da na'urar da ke sanar da lambar jirgi yana sama, duka a bar wa FAA, ta fi kowa iyawa.

Saura kuwa a ja layi. An sha kawo lambar, ba ni na ƙirƙiro ta ba. A 2017 Sanata Dianne Feinstein da Sanata Mike Lee, waɗanda da wuya su haɗu a kan komai, suka kawo ƙudurin da zai bar wa jihohi da garuruwa iko daga ƙafa 200 zuwa ƙasa. Bai je ko'ina ba. A 2018 kwamitin da ke tsara wa jihohi dokoki iri ɗaya ya sa wannan lambar a daftarinsa, kamfanoni suka yi masa ca har ya cire ta. Wannan ya fi komai tona asiri, domin daftarin nan maganin dokoki barkatai ne: lamba ɗaya ga kowace jiha. Da tsoron bambancin dokoki ne ke damunsu, su ya kamata su fara sa hannu. Nevada ta sa ƙafa 250 a dokarta tun 2015, kuma jirage ba su daina tashi a jihar ba. Ko 200 ce, ko 250, ko ma 150, majalisar tarayya ta zauna ta zaɓi ɗaya kafin Sashe na 108 ya cika sararin, ta bar wa kamfanoni daga layin zuwa ƙafa 400 su wuce abinsu, in za su sauko kuma su sauko a gidan wanda ya yi odar kayan.