Awa Uku Bayan An Tashi Daga Makaranta

Ni dai a ganina inda ɗan mai hali yake tserewa ɗan talaka ba cikin aji ba ne, bayan an kaɗa ƙararrawar tashi ne. Wancan mai lesin na jiransa, daga nan filin wasa ko ajin kwamfuta, wannan kuwa ya wurgar da jaka ya fice, uwa na wajen nema, uba sai dare, ba mai ce masa yau me aka koya muku. Awa uku kullum fa, ku lissafa shekara goma.

A Amurka sun daɗe da lura cewa ranakun makaranta laifukan matasa sun fi yawa a 'yan awannin nan na bayan tashi, shi ya sa gwamnatin tarayyarsu ke kashe sama da dala biliyan 1 duk shekara kan cibiyoyin da ke riƙe yara da yamma. Amma da aka auna shirin a farkon shekarun 2000 sai aka tarar makin yaran bai wani motsa ba. Wallahi ban yi mamaki ba. Ka ɗauki yaron da ya wuni a zaune bai gane komai ba, ka sake zaunar da shi gaban allo awa biyu da sunan taimako, ai horo ka yi masa.

Ku dubi ƙasar Ayislan da ke arewacin Turai. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu da giya cikin wata guda, zuwa 2016 abin ya koma kashi 5. Ba wa'azi suka ƙara ba, cika wa yaran lokaci aka yi da wasanni da kiɗa ƙarƙashin masu horarwa na gaske, hukumar Reykjavik, babban birnin ƙasar, na tallafa wa iyaye da kuɗin rajista, su ma iyayen aka jawo su ciki.

Na taɓa aikin sa kai a irin wannan wuri na riƙe yara bayan an tashi daga makaranta. Akwai wani yaro ɗan shekara 11, sarkin surutu, da an miƙo littafi sai ya fara barkwanci kowa ya kwashe da dariya, sai da muka yi sati uku na gano ashe karatu ne bai iya ba, dariyar nan mayafi ce. Ban gano a kan benci ba, a bakin fili ne bayan ƙwallo, na ba shi takardar sunayen 'yan wasa ya kira, ya riƙe ta ya yi tsit yana juya ta. Daga nan muka koma baƙaƙe, mu biyu, minti ashirin kullum kafin saura su iso don kar ya ji kunya. Malamin da ke da yara cike da aji yaushe zai ga wannan?

Abin da ke ci min rai shi ne masu zuwa da riguna da kyamara, a yi wata uku ana ɗora hotuna, kuɗin tallafi na ƙarewa a garƙame ƙofa. Yaran nan sun saba manya na ɓace musu, kai ma ka zo ka ƙara. Haka aka yi mana, ba ko sallama. Yaron ya fara haɗa kalmomi ke nan, ya kai shafi na tara.