Kwalbar lemo ba karin kumallo ba ce

Jiya da safe ina tsaye a ƙofar makarantar yarana sai wata mota ta tsaya a gabana. Aka sauke wani yaro da bai fi shekara shida ba, idonsa cike da barci, jakar bayansa na neman rinjayarsa. Uban ya miƙo masa kwalbar lemo da fakitin biskit ta taga ya ce, "Ungo, ka karya a aji." Ko kallonsa bai yi ba, idonsa na kan waya. Mota ta ja, yaro ya ɓalle murfi a nan inda yake tsaye ya kafa kai. Ƙarfe bakwai da rabi na safe ke nan, a cikin da rabonsa da abinci tun dare.

Wallahi abin nan ya tsaya mini a rai har na isa wurin aiki. Da shi kaɗai ne da na ce tsautsayi ne na rana ɗaya, kowa yana makara. Amma ku tsaya ƙofar kowace makaranta na minti goma ku ƙirga. Wannan da lemon kwali, wancan da alewa, waccan an danƙa mata kuɗi an ce ta sayi abin da take so. To 'yan uwana iyaye, me kuke zaton yarinya 'yar shekara bakwai za ta saya?

Ku yi lissafin da kanku. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. In ya ci abincin dare ƙarfe takwas, kafin gari ya waye ya shafe fiye da awa 10 babu abin da ya shiga cikinsa. Ƙwaƙwalwar babban mutum kashi 2 cikin 100 ce kawai na nauyin jikinsa, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Ta ɗan shekara biyar kuwa tana ƙona kusan ninki biyu na abin da ta babba ke ƙonawa. Wannan ƙwaƙwalwar muke turawa aji ta yi lissafi, ta yi hadda, ta zauna shiru awa huɗu ko biyar, alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sannan in sakamako ya fito mu ɗauki bulala, ko mu je mu yi wa malami tijara.

Wani zai ce ai lemon ma yana ba da ƙarfi. Yana bayarwa, irin na wutar kara. Ruwa ne da sukari, babu sinadarin gina jiki a ciki, babu dusar da ke riƙe ciki. Nan take ya shige jini, kafin a je ko'ina yunwa ta dawo, yaro ya fara hamma yana kallon ƙofa. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi 9 ke nan. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2016 kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 18 ya wuce giram 25 na sukarin da aka ƙara a abinci a yini guda, wato cokali 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2015 ta ce sukari irin wannan kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a abincinsa na yini, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Yaron nan na jiya ya zarce rabonsa na yini tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, ban ma sa biskit ɗin a lissafi ba. Akwai uban da zai ɗebi cokali tara na sukari ya ɗura wa ɗansa a baki da sassafe? Babu. Amma da yake a kwalba yake mai kyalli, sai mu miƙa da hannunmu. Kuma kada hoton lemo ko mangwaro a jikin kwali ya ruɗe ku, ku juya bayan kwalin ku karanta. Haƙoran yaran nan ma shaida ne, ga ɗan aji biyu da baƙin rami a turame.

Uzurin dai ɗaya ne kullum, babu lokaci. Gaskiya ɗaci gare ta, amma sai na faɗa. Ƙwai minti 10 yake dahuwa, kuma ba sai an tsaya a kansa ba, ana iya dafa shi tun dare. Guda ɗaya yana da kusan giram 6 na sinadarin gina jiki. Ayaba ba ta neman wuta. Kofin madara, yankan burodi, waken da ya rage jiya a ɗumama, wanne ne a ciki ya fi ƙarfin minti goma sha biyar? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, safiyar makaranta kuma tun dare ake shirya ta. Amma daren namu ina yake tafiya? Muna kan Facebook da TikTok har ƙarfe ɗaya, yaran na gefenmu suna kallon talabijin babu mai ce musu su kwanta. Asuba ta yi an kasa tashi, sai a farka a firgice, wannan na neman takalmi, wancan na kuka, uwa na faɗa, uba na danna ham a waje. A ƙarshe a biya kanti a sayi kwalba a rufe bakin yaro.

Ku ma maza ban ƙyale ku ba. Kun mai da cikin yaro matsalar uwa ita kaɗai, ita ce wanka, ita ce shiri, ita ce jariri a baya, wata ma ita ma aiki za ta. Ɗora tukunya a wuta bai taɓa rage wa namiji daraja ba. Kuma abin takaici, mun iya sayen jaka mai tsada da takalmi mai suna, mun iya kashe dukiya a bikin zagayowar ranar haihuwa don a ɗauki hoto a watsa. Abin da mutane za su gani muna ƙoƙari a kai, cikin yaro da babu mai leƙawa shi muka bar wa lemo.

Ba da wanda ba shi da shi nake ba. Akwai gidajen da ake kwana a tashi babu abin sa wa a baka, Allah ya yassare musu. Saboda irinsu ne ƙasashe ke ciyar da yara a makaranta, Amurka ma tun 1966 ta fara shirin ba ɗalibai karin kumallo. Ina magana da mai hali, wanda firij ɗinsa cike yake amma ɗansa ya fita da kwalba a hannu. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Harshen da aka saba masa da zaƙi tun yana shekara biyar, ranar da kika ajiye masa ƙwai da madara zai ture, sai ki ce ai ba ya cin abinci da safe. Wa ya koya masa? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu ma da kofin shayi a tsaye muke fita.

Ina tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ba ta da firij, ba ta da murhun gas, mu bakwai ne a gabanta. Amma ban taɓa tashi na tarar da ita a kwance ba, ƙamshin hayaƙi ne ke tashinmu. Ba ka isa ka tsallake ƙofa ba sai ta ga kwanonka babu komai, ko da kuwa ka makara za a doke ka a makaranta. Ba ta san giram ba, ba ta san Hukumar Lafiya ta Duniya ba, ta dai san yaro amana ne, kuma kunya ce a ce ɗanta ya je aji da yunwa. Mu da muka yi boko, ga kayan girki iri-iri a gabanmu, wannan kunyar ce ta fita daga idonmu. Yau da safe na sake ganin yaron nan a ƙofar makaranta, da kwalbarsa a hannu.