Ɗan shekara 7 shi kaɗai a layin cike gurbi?

Ni dai ban yarda da wani mai rahoto ba da ya ce tunda Disney sun yarje wa ɗan shekara 7 shiga layin masu hawa kayan wasa su kaɗai a wuraren shaƙatawarsu to babu matsala. Layin nan fa na cike gurbi ne, duk inda kujera ta rage nan za a cusa shi kusa da baƙon da bai taɓa gani ba. A Test Track, wasan hawan mota na Epcot, wurin shaƙatawar Disney da ke Orlando a Amurka, tsayin santimita 102 kawai ake nema, amma tsayi ai ba hankali ba ne, in motar ta tsaya tsakiyar hanya ya firgita wa zai rarrashe shi? Malam mai cewa layin yana rage jira, saboda 'yan mintuna za ka saki yaro a cunkoson Orlando, in ya sauka kafin kai ina zai tsaya?