Ƙarin da ake yi wa wasannin bidiyo ya kamata ya jira mai wasa

Shekara bakwai ke nan da na bar gida na zo Turai aiki, kuma a cikin abubuwan da suka riƙe zumunci tsakanina da ƙanena har yau akwai wasannin bidiyo. Lokacin da nake gida ina da isasshen lokaci, amma ba ni da kuɗin sayen wasa a kai a kai, intanet ɗin da nake samu kuma ba ta da ƙarfin sauke manyan abubuwa. A nan al'amarin ya juye: intanet tana gudu, albashi yana isa a sayi abin da ake so, amma sa'o'in da nake iya ba wasa a mako ba su wuce huɗu ko biyar ba. Da yake na ɗanɗana yanayin biyu, na kai ga ra'ayi guda game da yadda ya dace kamfanoni su riƙa fitar da sabbin abubuwa bayan wasa ya shiga kasuwa. Duk ƙarin da aka yi wa wasa, musamman wanda aka biya kuɗi a kansa, ya kamata ya zauna yana jiran mai wasa har ranar da ya samu sarari, ba tare da an ɗaura masa wa'adi ba.

A da, idan wasa ya samu karɓuwa, kamfani kan koma ya yi shekara guda ko fiye yana gina wani babban kashi, sannan ya fitar da shi a sayar a matsayin abu guda cikakke. Da intanet ta shiga na'urorin wasa sai aka gano cewa ana iya yanka ƙarin ƙanana-ƙanana a sayar. Masu wasa da dama har yanzu suna tuna shekarar 2006, lokacin da kamfanin Bethesda ya sa sulken doki a wasan Oblivion a kan dala 2.50 a na'urar Xbox 360, aka yi ta surutu cewa wannan rashin kunya ne. Yau ana sayar da rigar da ba ta ƙara wa ɗan wasa komai a kan ninkin wannan kuɗin sau da yawa, kuma ba mai ɗaga kai. Daga baya tsarin zango-zango ya zo, wanda Fortnite ya yaɗa tun daga Disambar 2017: mutum ya sayi tikitin zango, a ba shi makonni kaɗan ya hau matakai, duk abin da bai kai gare shi ba kafin zangon ya ƙare ya wuce shi.

Idan aka tambaye ni misalin yadda ya kamata a yi, The Witcher 3 zan fara ambata. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar da shi a Mayun 2015, ya bi shi da ƙananan ƙari guda 16 kyauta, sannan ya sayar da manya guda biyu, Hearts of Stone a Oktoban 2015 da Blood and Wine a Mayun 2016. Na biyun sabuwar ƙasa ce sukutum da mutanenta da labarinta, wadda mutum zai shafe sa'o'i ashirin ko fiye a cikinta. Ni na buga shi shekara guda bayan fitowarsa, ƙanena kuwa sai bayan shekara shida ya samu na'urar da za ta ɗauke shi, kuma abin da na gani shi ya gani, babu ko ƙofa ɗaya da aka rufe masa domin ya makara. Na tuna daren da ya kira ni yana cewa, "Yaya, ashe haka ƙarshen labarin nan yake?" Muka yi kusan sa'a guda muna gardama a kan zaɓin da kowannenmu ya yi, kamar tare muka buga shi. Haka kamfanin FromSoftware na Japan ya yi da Elden Ring: wasan ya fito a Fabrairun 2022, aka yi sama da shekara biyu kafin ƙarinsa, Shadow of the Erdtree, ya zo a Yunin 2024, kuma cikin kwana uku aka sayar da kwafi miliyan 5. Jiran bai kori mutane ba, domin sun san cewa abin da ke tafe ya cancanci a jira shi.

Tikitin zango kuwa na san shi daga ciki, domin na yi kusan shekara guda ina sayensa a wani wasan harbi da nake bugawa da abokai. Wani dare na dawo daga aiki a gajiye, na kunna na'ura, sai na ga agogo a kusurwar allo yana nuna saura kwana uku zango ya rufe, ni kuma ina mataki na sittin da ɗaya cikin ɗari. Na buɗe jerin ayyukan ranar na ga an ce in yi nasara sau kaza da wani makami da ba na so, a wani fili da ba na jin daɗinsa. Na zauna na yi, har ƙarfe ɗaya na dare, ba don ina so ba, sai don kada kuɗin da na biya ya tafi a banza. Da na kashe na'urar na lura cewa tun da na zauna ban yi murmushi ko sau ɗaya ba, kuma ƙarfe shida zan tashi. Duk da haka ban kai matakin ƙarshe ba, abin da na biya dominsa ya ɓace daga allon da safiyar da sabon zango ya fara.

Wannan ba kuskure ba ne a tsarin, haka aka gina shi da gangan. Wasan da ke rayuwa a intanet yana buƙatar mutane su cika shi kullum, domin idan fili ya yi fayau sababbi ba sa zama, kuma wanda yake shiga kowace rana ya fi yiwuwar leƙa kantin cikin wasan ya sayi wani abu. Wa'adi shi ne igiyar da ake jawo mutum da ita, tsoron kada abu ya wuce shi kuma shi ne ke sa ya biyo. Abin da ya fi damuna shi ne wanda tsarin ya fi cuta. Mai lokaci da intanet mai ƙarfi zai gama tikitinsa ya samu duk abin da ke ciki. Ma'aikaci mai iyali, da ɗalibi mai jarrabawa, da wanda intanet ɗinsa ke yankewa, kuɗi ɗaya suka biya da shi, amma rabi ko ƙasa da rabi za su kwasa. A gida rashin hanya ne zai hana ni gamawa, a nan rashin lokaci ne ya hana ni, kuma kamfanin bai mayar mini da komai ba.

Ba na musun hujjar kamfanonin, kuma adalci ne a faɗe ta da ƙarfinta. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasa suna cin kuɗi kowace rana, ma'aikatan da ke gyara kurakurai da zana sababbin filaye albashi suke karɓa, kuma wasan da ake shiga kyauta ya buɗe ƙofa ga miliyoyin mutanen da ba za su iya sayen wasa na dala 70 ba. Ƙanena yana cikinsu, kuma ba zan so a rufe masa wannan ƙofar ba. Sai dai hujjar tana kare sayar da tikiti ne kawai, ba ta kare ƙwace shi bayan an saya. An riga an nuna cewa ana iya raba biyun. A Halo Infinite, wanda ya fito a 2021, tikitin da mutum ya saya ba ya ƙarewa, yana iya komawa kansa duk lokacin da ya ga dama. Helldivers 2, wanda ya fito a Fabrairun 2024 ya kuma samu gagarumar kasuwa, shi ma kundin kayan da yake sayarwa ba su da ranar rufewa. Kamfanonin nan sun karɓi kuɗinsu, masu wasa kuma sun riƙe abin da suka saya.

Akwatin sa'a, wato a biya kuɗi a buɗe ba tare da an san abin da ke ciki ba, ba na ganin yana buƙatar doguwar muhawara. Bayan hayaniyar da ta biyo fitowar Star Wars Battlefront II a Nuwamban 2017, hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a Afrilun 2018 cewa irin waɗannan akwatunan caca ne, kuma a Janairun 2019 kamfanin EA ya daina sayar da makin da ake sayen fakitin 'yan ƙwallo da shi a wasan FIFA a ƙasar. Ina ganin hukumar ta yi daidai, musamman da yake yara ne da yawa ke gaban waɗannan allunan.

Akwai kuma masu ba da ƙari kyauta, kuma sun cancanci yabo, amma da sharaɗi. No Man's Sky ya fito a Agustan 2016 babu abubuwa da dama da aka sa mutane suka yi tsammani, aka yi wa ƙaramin kamfanin Hello Games na Ingila ca. Maimakon su gudu, sai suka duƙufa suna fitar da sabuntawa ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru ba tare da karɓar ko sisi ba, har wasan ya zama abin da aka yi alkawari ya kuma zarce. Eric Barone, wanda shi kaɗai ya gina Stardew Valley ya fitar a 2016, har a Maris na 2024 yana ƙara masa sababbin abubuwa kyauta. Sharaɗin shi ne kada wannan kyakkyawan labari ya zama lasisin fitar da wasan da bai nuna ba. Kamfanin CD Projekt Red da na yaba a sama shi ne ya fitar da Cyberpunk 2077 a Disambar 2020 cike da kurakurai, har Sony ta cire shi daga kantinta na PlayStation na kusan wata shida. An gyara shi daga baya, kuma ƙarinsa na 2023, Phantom Liberty, ya yi kyau ƙwarai, amma wanda ya biya cikakken kuɗi a ranar farko bashi ya ba kamfanin ba da saninsa ba. Gyaran abin da ya lalace haƙƙin mai saye ne, bai kamata a lissafa shi cikin sababbin abubuwan da ake tallatawa ba.

Mafi muni a wurina shi ne a zo da sabo ta hanyar share tsoho. A Nuwamban 2020 kamfanin Bungie ya cire manyan sassa daga Destiny 2, har da labarin farko da aka sayar da wasan a kansa a 2017 da ƙari biyu da mutane suka biya daban, bisa dalilin cewa wasan ya yi girman da ke wahalar kulawa. Dalilin yana da ƙamshin gaskiya ta fuskar fasaha, amma sakamakonsa shi ne wanda ya shiga yau ba zai iya sanin yadda labarin ya faro ba, wanda ya saya a da kuma ba zai iya komawa ba. Ubisoft ya wuce nan, domin a ƙarshen Maris na 2024 ya kashe kwamfutocin da The Crew ke dogaro da su, wasan da aka sayar tun 2014 ya daina buɗewa gaba ɗaya, har ga mai son ya tuƙa motarsa shi kaɗai. Wannan ne ya haifar da yunƙurin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan guda a 2025. Abin da suke nema kaɗan ne: idan kamfani zai janye hannunsa daga wasa, ya bar shi a yanayin da za a iya ci gaba da bugawa.

Saura batu guda da ban cika jin ana tayar da shi a nan ba, domin inda intanet ke da sauri ba a jin nauyinsa, wato girman sabuntawar da tilascinta. A 2020 Call of Duty: Modern Warfare tare da Warzone ya haura gigabait 200 a kwamfuta, kuma wasanni da yawa na intanet ba sa barin mutum ya shiga sai ya sauke sabon zango gaba ɗaya, ko yana so ko ba ya so. Wata Asabar muka yi alkawari da ƙanena za mu haɗu a wani wasa da dare, bayan mun yi mako uku ba mu samu lokaci ɗaya ba. Ranar ce aka fitar da sabon zango. Nawa ya sauka kafin in gama cire takalmi, shi kuwa ya turo mini hoton allonsa yana nuna kashi huɗu cikin ɗari, da sa'o'i goma sha ɗaya da suka rage. Ya rubuta, "Yaya, ka buga kawai, idan na bar shi ya gama datata ta wata ta ƙare." Mafi yawan abin da ake tilasta masa saukewa riguna ne da kayan ado da ba zai taɓa saya ba, da hotuna masu kaifin da allonsa ba ya iya nunawa. Kamfanoni suna da hanyar rarraba waɗannan, wasu ma suna yi: a ware hotuna masu nauyi su zama na zaɓi, a bar mutum ya sauke sashen da yake bugawa kawai, a sanar da girman sabuntawa kwanaki kafin ta zo, a kuma ba da damar sauke ta a hankali tun kafin ranar. A daren nan ban shiga wasan ba, na kira shi muka yi hira, kuma da watan ya zagayo ya samu damar saukewa, saura mako biyu zangon ya rufe, sai ya ce mini babu amfanin ya sayi tikitin.